Allon Makullai a Shafin Farko

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Mai Shafi, yarinyar da ta tsara mana shafi, ta sake turo saƙo, wai maɓallin "Kira Mu" zai fi kyau da ruwan goro. Sati uku ke nan da buɗe sabon shafin intanet na shagonmu, har yau muna kan launin maɓalli ɗaya. Na ce mata wanda famfonsa ya fashe, ruwa ya kai masa idon sawu, ba launi yake nema ba, lambar waya yake nema. Ta turo mini fuskar dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Amma shafin ya yi kyau, kuma ni na sa ya yi kyau. Tsohon da Yaya ya sa aka yi mana shekara shida da suka wuce abin kunya ne. Hotuna kamar an ɗauke su ta cikin ruwan wanki, ƙusa inci uku da inci biyar duk ɗaya, kwaɗo kamar kwaɗon rafi. Shekara ashirin na yi ina gyara rubutun 'ya'yan mutane da jan biro kafin Baba ya rasu in bar aji in zo in riƙe kantar shago. Ba zan ga sunan gidanmu a kan shirme in yi shiru ba. Sharaɗi biyu na ba ta: mutum ya samu abin da yake nema kafin ya danna sau huɗu, kuma kowane hoto ya fito tar, a ja shi da yatsu biyu ya girma har a ƙirga zaren noti.

Kawu ne ya raɗa mata Mai Shafi, sunan ya bi ta. Shi ne a shafin farko, yana murmushi da giɓinsa, magagari a hannu, allon makullai a bayansa. Kawu ba jininmu ba ne. Mai yankan makulli ne da Baba ya ɗauka tun ina aji uku, yau shekara talatin da tara. Yanzu in mutum ya shigo sai ya ce, "Ka gan ni a waya?"

An shiga gidan Ungozoma ranar Asabar da rana, tana wurin aiki. An kwashe 'yan kunnen mahaifiyarta da talabijin. Wai ba a fasa ƙofa ba. Ta manta ba ta kulle ba ne, in ka tambaye ni. Matar da ke kwana tsaye.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya

Ruwan goro ya yi nasara. Na gaji da musu.

Ungozoma ta zo ta ce a nuna mata makullinta. Kawu ya juya ya ciro shi daga allon ya ɗora a tafin hannunta, da ƙurarsa da komai. Ta juya shi, ta ce, "Yi haƙuri, Kawu, hankalina ne ba ya jikina." Ya ce, "Haba, 'yata, ko ni ne sai na duba." Ta mayar masa ya rataye.

Allon nan Baba ne ya ƙirƙiro shi. Duk wanda aka yanka wa makulli a unguwa, in yana so, yakan bar guda ɗaya a wurinmu. Ran da ka kulle kanka a waje, ko yaro ya jefa naka a rijiya, ka zo ka karɓa. Ba a biyan ko sisi. Kowane makulli da ƙusarsa da ɗan kwali a ɗaure, an rubuta gidan wane ne da ƙofar da yake buɗewa. Arba'in da ɗaya ne yanzu, har da nawa. Masu manyan shagunan bakin titi suna da fitilu da keken tura kaya, mu muna da allon nan.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Shagon Tela. Kekunan ɗinki biyu da kayan mutane. Ya je jana'iza da safe, ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle yadda ya bar ta, ciki wayam. Ɓarawon har ya kulle masa da zai tafi. Mai ladabi.

Masu sayen fenti biyu sun yi shiru da na fito daga sito. Na san irin shirun nan, na sha ganinsa a aji.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya.

Wani mai gyaran famfo ya zo neman kan famfo mai siririn zare. Na ɗauki wayata in nuna masa a shafi, don ya ga abin da muka yi. Shafin farko ya buɗe, yatsuna suka zame, hoton Kawu ya girma. Kunnensa ya cika wayar. Bayan kunnen, kwali. Rubutun Baba ne, da "g" ɗinsa mai doguwar jela: Ungozoma, ƙofar baya. Makullin yana rataye a ƙasa, haƙoransa biyar, ina iya ƙirga su kamar yana hannuna.

Na ja hoton gefe. Tela, shago.

Mai famfon ya ce, "Malama, lafiya?" Na ce jiri ne, ban karya ba. Na ba shi kan famfon da ba shi ya nema ba, ya karɓa ya fita.

Kawu yana can kusurwarsa yana goge injin yana 'yar waƙarsa.

Juma'a, ƙarfe uku

Ba ni na ɗauki hoton ba.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kira Mai Shafi na ce ta sauke hoton farko, ta sa na gaban shago. Ta ce me ya faru, ai shi mutane suka fi so. Na ce na gaji da ganinsa, kuma Kawu ya fito kamar mai tallan maganin haƙori.

Ina jin tana danne-danne. Sai ta ce, "Malama." Haka kawai. Ta sake cewa, "Malama, ai ran nan na ce a dishe bayansa."

Na ce ban kira ta don tarihi ba.

Ta faɗa, ban musa ba. Ran da ta kawo hoton ta yi masa hazo a baya, Kawu kaɗai ya fito sosai. Na ce mata ban biya ta don ta sayar mini da hazo ba, allon nan shi ne mutuncin shagon, a bar mutane su ga irin amanar da unguwa ta ba mu. Har na yi mata lacca a kan masu ɓoye rashin iyawarsu da ado. Na tuna kalmomin, don na ji daɗinsu lokacin da nake faɗa.

Amma ita ce mai sana'ar. Likita ba ya ba ka guba don ka ɗaga masa murya. Da ta tsaya a kan bakanta.

Cikin minti goma hoton ya sauka. Na tambaye ta mutum nawa suka buɗe shafin tun farko. Ta ce dubu ɗaya da ɗari tara da wani abu. Makon jiya wannan lambar na karanta wa Yaya sau biyu ina taƙama. Na ce wanda ya ajiye hoton a wayarsa fa? Ta ce wannan ya tafi, ba a kiran sa ya dawo.

Ta ce, "Za ki gaya musu?"

Na ce su wa? Me zan ce? Babu wanda ya tabbatar da komai. Ana buɗe ƙofofi da waya da allura tun kafin a haifi intanet.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe huɗu

Na ɗauko littafi, na karanta shafi ɗaya sau huɗu. Na sa kujera a bayan ƙofata da rana tsaka.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

'Yan sanda sun zo su biyu, ɗaya mai tabarau. Da ladabi. Tela ne ya kai ƙara, ya ce makullin shagonsa biyu ne a duniya, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a allonmu. Mai tabarau ya tambayi wa ke taɓa allon. Kawu ya ce, "Ni kaɗai, ranka ya daɗe. Ko Malama sai ta tambaye ni." Yana faɗa yana alfahari. Wa ya iya yanka wani daga ciki? "Ni." Suka ce ya zo ofis ya yi bayani.

Ya cire rigar aikinsa ya ninke, ya rufe injin da tsummansa. Ya ce mini, "Uwar ɗakina, in mai gidan burodi ya zo, nasa guda uku suna cikin gwangwani. Yanzu zan dawo."

Mai tabarau ya dube ni ya ce ko akwai abin da zan ƙara.

Na ce Kawu mutumin kirki ne.

Abin da na ƙara ke nan. Ni da ake cewa bakina ya fi zarto.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Bai dawo ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na gaya wa Yaya. Ya dawo daga ɗauko siminti, na ja shi sito na rufe ƙofa na nuna masa, don ina da hoton a wayata tun ran da Mai Shafi ta turo. Ya ja shi da katon yatsansa, ya daɗe yana kallo. Ya zauna a kan buhu.

"Wa ya sani?"

"Ni da yarinyar."

"To, ya tsaya nan."

Na ce Kawu fa? Ya ce Kawu ba su da hujja a kansa, kwana biyu za su sake shi, ya riga ya yi magana da lauya. Ya ce, "Kin san abin da zai faru in kika buɗe baki? Gida arba'in za su taso mana. Duk wanda cokalinsa ya ɓata tun bara, mu ne. Su ƙona shagon ma ba abin mamaki ba ne. 'Ya'yana shida, ke kuma naki biyu suna makaranta. Ke da ilminki!"

Na ce kar ya kawo ilmina cikin maganar. Ya ce ai ilmin ne ya kawo mu nan. Da tsohon shafinsa ne, ko giwa aka rataye a allon ba mai gane ta.

Na zage shi, na tuna masa abubuwan da ya yi tun muna yara, har da keken Baba da ya sayar. Na fito ina huci. Amma a can ƙasan cikina wani abu ya kwanta, ya ji daɗi. An hana ni magana. Yayana ne, babba ne, ya hana ni. Kin ji, Malama? An ba ki mafaka, kin shige da gudu.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe biyu

Na kai wa Kawu abinci. Gwaggo, matarsa, tana zaune a benci a waje tun safe da kwano a cinya, ba ta kuka, ta ƙura wa bango ido. Ta ce, "'Yar nan, ke kin san takardu. Ki gaya musu."

Sun ba ni minti biyar. Ba hula a kansa. Ban taɓa ganin kan Kawu ba hula ba, ashe duk ya yi fari. Ya tambaye ni ko mai gidan burodi ya zo. Ya ce in ɗiga wa injin mai, kar ya yi tsatsa. Sai ya rage murya ya ce, "Ni abin da ya dame ni, ta yaya? Kwana biyu ina lissafi. Ba wanda ya taɓa allon nan. Ko na fara mantuwa ne, uwar ɗakina? Ko na ba wani aro na manta? In kin lura na fara rikicewa ki gaya mini, kar ki ji kunyata."

Na ce ƙwaƙwalwarsa garau take.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Shafinmu yana nan dai? Ana ganina?"

Na ce ana gyara ne.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe goma

Mutum tara sun zo karɓar makullansu. Ba su haɗa ido da ni. Kowa ya karɓi nasa ya jefa a aljihu ya sauke ajiyar zuciya, ya tafi gida ya kwanta da daɗi, tun da ya raba shi da allon ɓarawo. Ni kuma ina miƙa musu ina cewa a sauka lafiya. Makullin da ke aljihunsu ba ya kare su daga komai. Kuba ya kamata su canza, duk su arba'in. Na san haka. Kubobin suna bayana a kan kanta, cikin kwalayensu.

Mai Shafi ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Wani ya rubuta a ƙasan shafinmu, wurin da na nace a buɗe don jin ra'ayin masu saye: "A kula da tsohon nan." Na share. Ya sake rubutawa.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ba ni na ɗauki hoton ba. Ba ni na shiga gidan kowa ba. Babu wanda ya tabbatar.

Na rubuta wannan sau uku a bayan rasit, kamar horon da nake ba yara.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe uku da rabi

Tsohon Direba. Gidansa na ƙarshen layi, mai bishiya a ƙofa. Ɓarayin sun ɗauka ya tafi asibiti kamar kowace Asabar, ashe ƙafar ta hana shi fita. Yana kwance ya ji makulli yana juyawa a ƙofarsa. Ya taso da sandarsa, suka ture shi, kansa ya bugi gefen tebur. Maƙwabciya ce ta same shi. Yana asibiti, ɗinki bakwai, bai san fuskarsu ba.

Ranar Alhamis ya aiko jikarsa ta karɓi makullinsa. Ni na miƙa mata. Na ce ta gaishe shi.

Na yi zaton aƙalla yanzu za su saki Kawu, tun da yana hannunsu aka yi. Lauya ya ce a'a, yanzu cewa suke yana da abokan aiki a waje, kuma tun da an zub da jini maganar ta canza. Ranar Laraba za a kai shi kotu.

Yaya ya ce, "Ki riƙe kanki." Na ce masa in ya sake ce mini haka zan riƙe wuyansa.

Kwana takwas ke nan da na sani. Kwana takwas ya isa a canza kubar Direba sau ɗari.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya

Shago a rufe. Na shiga ta baya.

Duk kwanakin nan abin da nake laɓewa a bayansa shi ne: wa ya ce ma ana iya yi? Hoto hoto ne, ƙarfe ƙarfe ne. Na ce bari in gwada in ga ba ya yiwuwa, in samu barci.

Makullina yana layi na uku a hoton. Na ja shi har ya cika fuskar kwamfuta, na rage shi daidai girman na gaske, na buga a takarda. Na ɗauko ɗanyen makulli irinsa daga durowar Kawu, na liƙa takardar a kai, na ɗaure a maƙama, na ɗauki magagari. Ban taɓa injin ba. Ban taɓa yanka makulli ba a rayuwata, kallo kawai na sha yi ina yarinya, ina cin gyaɗa a kan kanta.

Na farko na zarce, na lalata. Na biyu ya karkace. Na uku ya ɗauke ni minti ashirin.

Na tafi gida da shi a tafin hannuna, yana da ɗumi. Na tsaya a ƙofata kamar baƙuwa. Na zura. Ya ɗan cije, na girgiza shi kaɗan.

Ƙaras.

Ƙofar ta buɗe. Ga takalman 'yata a zaure, ga labulena, ga littattafaina har rufi. Na zauna a dokin ƙofa. Malamar makaranta mai ciwon wuyan hannu, da magagari, da minti ashirin.

Lahadi, ƙarfe biyar

Na kira Mai Shafi. Kafin in yi magana ta ce ita gobe za ta je wurin 'yan sanda, da ni ko ba ni, ta kwana shida ba ta iya cin abinci. Na ce ta zo da hoton na asali da saƙonnin da na tura mata. Ta ce, "Har wanda kika ce ba ki biya ni don hazo ba?" Na ce musamman shi.

Ta ce, "Ni ma da laifina, Malama. Na ga kwalayen. Na ji tsoronki ne."

Na ce ta shiga layi, masu tsorona suna da yawa, kuma ga inda ya kai mu.

Ban gaya wa Yaya ba.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yau za mu je. Na sa mayafina mai kauri. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Tsoron Ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu. Tsoron su zo da fetur. Tsoron fuskar Kawu ya fi duka.

Litinin, ƙarfe huɗu

Awa huɗu a ofishin 'yan sanda. Mai tabarau ya ja hoton da yatsunsa, ya karanta kwalayen ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, kamar mai kiran suna a aji. Na ajiye masa makullin da na yanka da takardar da na liƙa. Ya sa aka raka ni gida aka gwada a gabansa. Ya buɗe.

Ya ce wannan bai nuna cewa haka ɓarayin suka yi ba. Na ce na sani. Ya ce amma ya nuna ba tsohon kaɗai ke iya yi ba, mutum dubu biyu ne. Sai ya cire tabarau ya ce, "Malama, yaushe kika lura?"

Na so in ce jiya. Kalmar har ta zo bakina. Mai Shafi tana gefe tana kallon ƙasa, ta san ranar da na sa ta sauke hoton.

Na ce ranar shida ga wata.

Ya duba kalanda a bango. Ya rubuta. Da ma ya zage ni.

Yaya ya ji kafin in iso shago. Ya jefar da makullan motar a kan kanta ya ce in ci shagon, in ci shafin, in haɗa da littattafaina. Bai dawo ba har muka rufe. Muka, ni da wa? Na rufe.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na sa Mai Shafi ta cire komai daga shafin farko, ta bar fari da rubutu baƙi: duk wanda ya taɓa ajiye makulli a wurinmu ya canza kubarsa yau, mu za mu kawo, mu za mu ɗaura, kuskuren mai shago ne, ba na mai yankan makulli ba. Ta ce ko a ɗan tausasa shi. Na ce a'a. Ta buɗe baki ta rufe. Na ce in tana da magana ta faɗa, wannan karon ta tsaya a kai. Ta ce rubutun ya yi ƙanana, tsofaffi ba za su gani ba. Ta yi gaskiya. An ƙara girmansa.

An jefi ƙofar shago da dutse da rana. Guda ɗaya. Ina zaune ina jiran na biyu.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An saki Kawu da azahar. Ban je ba, na kasa. Shi ya zo, da hularsa, Gwaggo tana biye da shi ta tsaya a waje ba ta shigo ba.

Ya wuce ni ya je kusurwarsa, ya ɗaga tsumman injin, ya shafa, ya duba yatsansa. Ban ɗiga man ba. Ya ɗiga da kansa.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Sun ce kin yanka da magagari."

Na ce e.

"Sau nawa?"

"Na uku ya buɗe."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ran da kika kawo mini abinci, na tambaye ki ko na rikice. Kin sani a lokacin?"

Na ce na sani tun kafin su zo su tafi da shi. Da kwana uku.

Na shirya jawabi tun asuba, mai kyau, da farko da tsakiya da ƙarshe. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

Ya ce, "Kuba nawa muke da su a sito?"

Na ce ashirin da shida, sauran sai an sayo.

"Gobe ƙarfe bakwai. Ni zan ɗaura. Ke za ki ƙwanƙwasa, ke za ki yi bayani. Ni ba zan buɗe baki a ƙofar kowa ba."

Na ce bayan mun gama fa, zai ci gaba da zuwa?

Ya ce, "Mu gama tukuna."

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe bakwai saura na safe

Akwatin kayan aikinsa ya fi yadda nake zato nauyi. Ya bar mini shi a bakin ƙofa.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi

Gida uku kawai.

Tela bai bar mu mun taɓa ƙofarsa ba. Ya ce kekunansa yake so, ba kuba ba, kuma za mu haɗu a gaban alƙali. Ya yi ta faɗa har mutane suka taru. Ya juya ga Kawu zai ba shi haƙuri, Kawu ya duba sama kamar mai duban hadari.

Gidan Direba jikarsa ce ta buɗe. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ke ce kika ce in gaishe shi." Na ce ni ce. Ta matsa gefe, Kawu ya durƙusa ya fara kwance sukurori.

Ungozoma ta fito da zani a ƙirji, daga barci, ta kwana wurin aiki. Na faɗa mata duka, har kwanakin. Na jira. Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai naƙuda mai raki, ta ce, "Ashe kina jin tsoro kamar kowa." Ba ta ce ta yafe ba. Ta kawo wa Kawu kujera da ruwa. Ni ba ta kawo mini ba. Na tsaya a rana ina miƙa masa sukundireba in ya miƙo hannu, kuma sau biyu na miƙa wanda ba shi ba.

A hanyar dawowa yana gaba ina baya da akwatin. Hannuna ya yi kanta. Bai waiwayo ba, amma a bakin kwalbati ya rage sauri har na iso.

Saura talatin da takwas. Gobe ƙarfe bakwai.